Wai Na Cika Tambaya, In Ji Turawa

Assalamu alaikum mutanen Katsina ta Dikko ɗakin kara. Yau raina a ɓace yake. Ku dubi takardar nan da ke hannuna, ƙaramar hukumarmu ce a nan Ingila ta aiko, wai ba za su sake amsa mini ba, na cika maimaita tambaya. Ni!

Tarar ajiye mota suka ci ni, fam 35, kuɗin da zai yi wa Hajiya cefanen kwanaki. Sai na rubuta musu, nawa kuke tarawa a layinmu duk shekara, ina kuɗin suke zuwa? Akwai dokar samun bayanai ta shekarar 2000, ta fara aiki a 2005, dole su amsa cikin kwanakin aiki 20. Suka amsa kuwa, amsa mai kwana-kwana. Na sake turawa. Na kuma turawa, a fusace. Ashe akwai sashe na 14: idan mutum ya maimaita tambayar da aka riga aka amsa masa ba tare da an ɗan jima ba, ko aka ga da fitina ya zo, suna da ikon rufe masa ƙofa. Haka kuma in binciken zai ci musu fiye da fam 450, aikin awa 18 ke nan, sai su ce ya yi tsada.

Abin dariya, a takarda dokarmu ta Najeriya ta fi tasu zafi. Wadda Jonathan ya sa wa hannu a 2011 kwana 7 kacal ta bayar, kuma hana bayani ba bisa ƙa'ida ba tarar naira 500,000 ce. Amma ƙanena ya bi sawun kuɗin wata rijiyar burtsatse a wani ofis can gida, kullum sai "oga ba ya nan, dawo jibi". Ya gaji da biyan kuɗin Keke Napep daga Ƙofar Ƙaura, ya haƙura. Su nan aƙalla sun kore ni a rubuce, har da lambar sashe da inda zan kai ƙara.

Kai, na ambaci Ƙofar Ƙaura sai na tuna tsiren dare. Nan sai sanyi da dankali.

Ɗan'uwa mai shirin zuwa, kada ka rubuta musu da zafin rai kamar ni. Haɗa tambayarka guda, ka sa shekara da sunan layi, ka tura sau ɗaya. Bari in je in matsar da motar, kar su ƙara cin wasu 35 ɗin.