Scrabble a Ingila: kalmomin da ke ba Bature wuya, mu kuwa da su muka tashi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga Manchester nake magana da ku, kuma kamar yadda kuke gani sama ta haɗe, yayyafin nan nasu da ba ya ƙarewa ya sake sauka. Shi ya sa na fasa zagayen kasuwar da na yi muku alkawari, na ce bari mu zauna a ɗaki in nuna muku abin da ke cinye mini yammacin Laraba a garin nan.

Ga shi, bari in matso da kyamara. Wannan allon Scrabble ne, gida goma sha biyar a tsaye, goma sha biyar a kwance. Wannan 'yar jakar kuma ƙwayoyin haruffa 100 ne a ciki, biyu daga cikinsu babu rubutu, kana iya mayar da su duk harafin da ka ga dama. Kowa zai zura hannu ya ɗebi bakwai ba tare da ya leƙa ba, sai ya riƙa haɗa kalmomi da su a kan allo yana cin maki. Wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Alfred Butts, shi ya ƙirƙiro wasan a shekarun 1930, sunan Scrabble kuma a 1948 aka raɗa masa.

Ku dubi ƙaramar lambar da ke kusurwar kowace ƙwaya. E maki ɗaya ne, don guda 12 ne a jakar. J da X takwas-takwas. Q da Z goma-goma. To wannan Q ɗin, jama'a, ita ce matsalar Bature. A Turancin yau da kullum Q ba ta tafiya sai da U a bayanta, U kuwa huɗu ne kacal. Idan aka tashi wasa tana hannunka, makinta goma za a cire maka. Na ga dattijuwa a ƙungiyar da nake zuwa, a wani ɗakin karatu na unguwa, ta ɗaga Q tana harararta kamar an miƙo mata takardar bashi.

Nan ne ɗan Bahaushe yake da riba, kuma yawancinmu ba mu sani ba. A Ingila da Najeriya da galibin ƙasashen da ba Arewacin Amurka ba, jerin kalmomin ƙamusun Collins ake bi wajen tantance kalmar da ta halatta, kalmomi sama da 270,000. Ku saurari waɗanda ke ciki masu Q babu U a bayanta: QADI, wato alƙali. QIBLA, alƙibla. TALAQ, saki. NIQAB, niƙabi. FAQIR, faƙiri. SUQ, kasuwa da Larabci. Abokan wasana haddace su suke yi da ƙyar, wasu a 'yan katuna suke rubutawa suna bita a cikin bas. Ni kuwa tun ina makarantar allo kunnena ya san su, abin da kawai na koya shi ne yadda Bature ya rubuta. Haka ZAKAT da IMAM da HAJJ. Ranar da na ajiye QIBLA, abokin karawata ya ce bai yarda ba, aka duba a waya, ta fito. Sai ya ce, "To mene ne ma'anarta?" Na ɗauki mintuna ina yi masa bayanin inda muke fuskanta in za mu yi salla, har mai kula da ɗakin ta ce mu rage murya.

NAIRA ma ta halatta, KOBO ma haka. Amma kar ka ce za ka rubuta Kano ko Zinder, sunan gari da na mutum ba sa shiga. Ko Kannywood, da ƙamusun Oxford ya saka a 2020, ba ta da gurbi a kan allo, don da babban baƙi take farawa.

Sai gajerun kalmomi masu harafi biyu, waɗanda sun haura 120. Su ne jarin mai wasa, domin da su ake jingina kalma a jikin wata a ci maki ta fuska biyu. Da yawansu ko Baturen da ke kan titi bai taɓa ji ba. QI ƙarfin rai ne a al'adar Sinawa. XU ƙaramin kuɗin Vietnam. JO masoyi a bakin mutanen Scotland. AA wani kaushin dutse ne da aman wuta ke bari, daga harshen Hawaii. ZA kuwa pizza ce, abincin nan na Italiya, aka gutsure mata suna.

Gaskiya ba dole ne ka san ma'anar ba kafin ka yi nasara. Nigel Richards, mutumin New Zealand, ya ci gasar duniya ta Scrabble na Faransanci a 2015 alhali ba ya jin Faransanci, jerin kalmomin ya haddace. Ni dai hanyar ba ta karɓe ni ba. Kalmar da ban san abin da take nufi ba, kwana biyu ta gudu daga kaina. Kuma duk mai son ya taɓa wasan cike gurbi na jaridu, inda tambayar kanta ma'ana ce, haddar aku ba za ta kai shi ko'ina ba.

Wani abin da ya ba ni mamaki, da na ce musu daga Najeriya nake sai suka gyara zama. Ashe sun san mu. A 2015 ɗin nan dai ɗan Najeriya Wellington Jighere ya lashe gasar duniya ta Turanci a birnin Perth na Ostareliya, ya doke ɗan Ingila Lewis Mackay huɗu da nema, shi ne ɗan Afirka na farko. An san 'yan wasanmu da son gajerun kalmomi masu toshe wa abokin karawa hanya, maimakon dogaye masu buɗe masa gidajen allon da ke ninka maki sau uku. A Arewa dai ban ga an rungumi wasan kamar yadda ake yi a Kudu ba, kuma abin yana ɗan ci mini rai.

Wanda ba shi da allo, ya fara da Wordle, wasan cankar kalma a waya: kalma mai harafi biyar, dama shida, sau ɗaya a rana. Josh Wardle ya sake shi a 2021, jaridar New York Times ta saye a 2022.

Yanzu ga aikin gida. Bari in jera muku ƙwayoyi bakwai: A, E, I, N, R, S, T. In ka zuba duka bakwai a tashi ɗaya, ana ƙara maka maki 50. Na ba ku ɗaya kyauta, RETAINS. Akwai wata da ta shafi ido, akwai wata kuma sunan giyar Girka ce, wannan sai dai a kan allo, ba a kofi ba. Ku nemo su kafin bidiyo na gaba. Sai mun haɗu.