Jawabi a taron ƙungiyarmu a Manchester: cin zali a soyayyar yara 'yan makaranta

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe shugaba, Allah ya gafarta malamanmu, iyaye maza da mata, barkanmu da haɗuwa. Ina neman afuwa tun da wuri, don maganar da zan yi ba irin wadda muka saba yi a gaban manya ba ce. Maganar duka ce da tsoratarwa tsakanin samari da 'yanmata 'yan makaranta.

Na san wasu sun riga sun ce a zuciyarsu, "Ai mu yaranmu ba sa soyayya." To, Allah ya sa haka ne. Amma aji ɗaya suke zama da sauran yaran ƙasar nan, kuma kowannensu da waya a aljihu.

A 2009 ƙungiyar kare yara ta NSPCC da Jami'ar Bristol sun yi wa yara 1,353 tambayoyi, masu shekara 13 zuwa 17. Kashi 25 cikin ɗari na 'yanmata sun ce wanda suke soyayya da shi ya taɓa sa musu hannu. Samari kuwa kashi 18 ne. Wanda ya tsaya a nan zai ce ai tazarar ba ta da yawa. Da aka tambaye su yadda abin ya taɓa su ne bambancin ya fito fili. Yawancin samarin sun ce bai dame su ba, wasu ma wasa suka ɗauke shi. 'Yanmata kuwa tsoro suka ambata da baƙin ciki. A kan tilasta wa mutum abin da ya shafi jikinsa, kusan yarinya ɗaya ce cikin uku, samari kashi 16. Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu samarin da suka girme su sosai.

Kuma ba da mari ake farawa ba. "Ba ni lambar buɗe wayarki." "Kunna Snapchat in ga inda kike." "Wane ne wannan da ya yi miki magana?" Yarinya 'yar shekara 14 sai ta ɗauka tsananin so ne. A garin Hexham da ke arewacin Ingila, a Janairun 2023, wani yaro ɗan shekara 16 ya bi tsohuwar budurwarsa bayan an tashi daga makaranta, ya kashe ta da wuƙa saboda ta rabu da shi. Shekararta 15. Dokar cin zali a cikin gida ta 2021 daga shekara 16 take farawa, don haka a ƙidayar hukuma yarinyar ba ta ma shiga ciki ba.

Yanzu ga wadda ta fi damuna, kuma tamu ce. A can gida ƙasar Hausa, yaro a zaure yake tsayawa zance. An san ɗan gidan wane ne, ƙanne suna kai-komo, idan ya daɗe a aiko a ce ta shigo. A nan zancen ya koma cikin waya, ƙarfe ɗaya na dare, a ƙarƙashin bargo, babu wanda ya san da shi. Sai mu kuma muka ƙara wa azzalumi makami. Ba ya buƙatar ɗaga hannu, ya ishe shi ya ce, "Zan tura wa babanki hotunan nan." 'Yarmu ta san kafin ta ce ana cin zalinta, dole ta fara amsa cewa tana da saurayi. Ta san abin da zai biyo baya: a ƙwace waya, a yi mata kashedin za a mayar da ita gida wurin gwaggo, magana ta zaga jama'a. Sai ta zaɓi yin shiru. Iyayena, idan tsoronmu ya fi tsoron mai dukanta yawa a ranta, mun bar ta a hannunsa ke nan.

Shi ma namijin ana cutar da shi, sai dai abin da ke rufe masa baki daban ne. Wa zai gaya wa mace ta mare shi? Abokai dariya za su yi. Kuma ku iyaye maza, ku zaunar da 'ya'yanku ku gaya musu binciken wayar yarinya da yi mata barazana ba mazantaka ba ce. A Ingila tun daga shekara 10 doka take kama yaro da laifinsa.

Ranka ya daɗe, roƙona biyu ne. A taro mai zuwa a ware mana awa ɗaya, mata su zauna da 'yanmata, maza da samari, kuma abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin. Sannan kowa ya rubuta lambar Childline, layin wayar da yara ke kira su nemi taimako, ya ba yaransa: 0800 1111. Kyauta ce, dare da rana. Na gode, wassalamu alaikum.