Amsoshin Tambayoyinku: Lokacin da lakwal ta koma cikin waya

Jama'ar Damagaram barkanmu da warhaka. Wasiƙun yau kusan duk a kan karatun yara ne, to bari mu shiga kai tsaye.

Ta farko daga wata uwa ce a Garin Malam. Ta ce lokacin korona da aka rufe lakwal, mushen ɗiyarta, wato malaminsu, ya buɗe gurup na WhatsApp yana turo aiki da Faransanci, ita kuma ba ta yi boko ba, wayar ma ta maigida ce, yana fita da ita kasuwar Dole tun safe sai magariba. Har yau yarinyar na jan ƙafa a karatu. Tana tambaya wai laifinta ne?

Hajiya, wallahi ba laifinki ba ne. Ki tuna yadda abin ya zo, ran 17 ga Maris 2020 shugaba Issoufou Mahamadou ya yi jawabi, ran 20 ga wata aka kulle makarantu, sai 1 ga Yuni aka koma. Kwana uku kenan tsakanin sanarwa da rufewa, wane mushe ne zai shirya darasin nesa a kwana uku? Kowa abin da ya samu ya yi. Ga zafin Afrilu, ga azumi ya shigo a tsakiya, kuran, wato wutar lantarki, na zuwa na tafiya, maigida ya dawo a gajiye batir saura kaɗan, yara huɗu sun kewaye waya ɗaya ana jiran hoton allo ya buɗe, rezo na juyawa yana juyawa, in ya buɗe ma rubutun alli ne da aka ɗauka a karkace rabi ba ya karantuwa, kafin a kwafe cikin kaye kiredi ya ƙare. Wannan ba karatu ba ne Hajiya, aikin malami ne aka ɗora miki ba a tambaye ki ba.

Abin da nake ganin zai yi amfani yanzu, ki ware lokaci ɗaya kullum, ko bayan la'asar, ta zauna kusa da ke ta karanta da ƙarfi. Ba sai kin ji Faransanci ba, in tana in-ina kunnenki zai gaya miki, sannan ki ce ta faɗa miki da Hausa me ta karanta. In ta kasa, nan ne matsalar take. Ki samu wani ɗan lise a maƙwabta ya riƙa duba ta, kuma ki je da ƙafarki ki ga mushenta, kar ki ji kunya.

Sai wani Alhaji daga Sabon Gari, ya ce shi fa ya tsorata, ko ya saya wa ɗansa mai aji shida babbar waya saboda gaba? Ya kawo misalin 2024 da ambaliya ta sa aka ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba.

Alhaji, ni dai ban ba ka shawara ba. Kuɗin wayar nan ka sayi littattafan ajinsa da fitila mai sola, canjin ya isa kaye da bikin rubutu na shekara. Littafi ba ya neman caji. In an sake rufewa, iyayen aji su haɗa kuɗi a buga aikin a takarda, mutum ɗaya ya amso ya raba, mushe kuma ya yi bayani da murya, har da Hausa, don masu gida su san me ake ciki. Yaro ɗan shekara goma sha biyu da waya shi kaɗai a ɗaki kuwa, ai kai ma ka san ba lissafi zai kalla ba.

Akwai mai tambayar kuɗin makarantar kuɗi na watannin da ba a yi karatu ba. Malam, ka turo mana abin da takardar rajista ta ce, da shi za mu amsa maka mako mai zuwa in Allah ya kai mu.