Abin da Ruwan Laka ke Bayyanawa Game da Cututtukan Gigin Tsufa

Masu kallo, assalamu alaikum. Idan dattijo ya fara manta sunayen jikokinsa, ko ya ɓace a hanyar masallacin da ya saba zuwa, mukan ce gigin tsufa ne, mu bar maganar a nan. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa sun san cututtuka daban-daban ne ke jawo wannan hali, kuma a yawancinsu akwai wani furotin da ya lalace ya taru a ƙwaƙwalwa. Tunda ba a buɗe kan mai rai don a duba, sai aka koma ga ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka, domin abin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suka zubar a cikinsa yake ƙarewa.

Ruwan fari ne garai-garai, kuma a jikin baligi bai wuce kimanin mililita 150 ba, sai dai jiki na samar da kusan 500 kowace rana, yana sabunta shi. Ana ɗibarsa da siririyar allura a tsakanin ƙasusuwan ƙugu, ƙasa da inda laka ta ƙare, kamar yadda ake yi wa wanda ake zargin ya kamu da sanƙarau. Likitan Jamus Heinrich Quincke ne ya gabatar da wannan hanya a 1891.

Inda gwajin ya fi ƙarfi shi ne cutar Alzheimer, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu gigin tsufa. Tun 1906 Alois Alzheimer ya bayyana dunƙule-dunƙule iri biyu a ƙwaƙwalwar wata mara lafiya da ta rasu, kuma daga baya aka gano ɗaya na furotin amiloid ne, ɗayan na furotin tau. Abin mamaki shi ne, nau'in amiloid mai lamba 42 raguwa yake yi a ruwan mai cutar, ba ƙaruwa ba, domin ya maƙale a ƙwaƙwalwa. Kamar magudanar ruwa ce, idan shara ta toshe a sama, kaɗan ce ke gangarowa ƙasa. Saboda mutane sun bambanta a yawan amiloid da jikinsu ke samarwa, ana kwatanta shi da mai lamba 40 don kada a yi kuskure. Shi kuwa tau, musamman wanda sinadarin fosfet ya manne masa, hauhawa yake yi. Masana irin su Kaj Blennow da Henrik Zetterberg na Jami'ar Gothenburg a Suwidin sun yi fice a wannan bincike, kuma an tabbatar cewa amiloid kan fara sauyawa shekaru 15 zuwa 20 kafin mantuwa ta bayyana.

Cutar Creutzfeldt-Jakob, wadda ita ma lalataccen furotin ke jawo ta, ba ta da yawa, amma cikin watanni take kashewa. Da can ana dogara da furotin 14-3-3 da hauhawar tau mai tsanani, alhali shanyewar ɓarin jiki ma na iya ɗaga su. Yanzu akwai gwajin RT-QuIC: ana zuba ɗigon ruwan mara lafiya a cikin furotin mai lafiya, na'ura ta yi ta girgiza su, idan akwai lalatacce sai ya lanƙwasa sauran su koma irinsa har a iya aunawa. Irin wannan dabara ce aka ɗauko wa cutar dunƙulen Lewy, wadda masu ita kan ga abin da babu shi, inda ake neman furotin alfa-sinukilin.

A cutar da ke cin gaban ƙwaƙwalwa da gefenta, wadda kan fara da sauyin hali tun mutum bai kai 65 ba, gwajin yana da rauni. Furotin NfL kan hau sosai, amma lalacewar jijiya kawai yake nunawa, ba ya faɗin abin da ya lalata ta. Gigin da toshewar jijiyoyin jini ke kawowa kuwa, hoton MRI ya fi ruwan laka amfani a kansa.

Wannan ne ya sa bai kamata a ɗauki sakamakon a matsayin hukuncin ƙarshe ba, domin tsoho ɗaya na iya haɗa cututtuka biyu ko uku, wani kuma amiloid ɗinsa ya sauya alhali hankalinsa garau yake. Duk da haka bukatar gwajin ta ƙaru tun da Amurka ta amince da maganin cutar Alzheimer mai suna lecanemab a 2023, saboda ba a ba da shi sai an tabbatar da amiloid a ƙwaƙwalwa. A 2025 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da gwajin jini na farko mai auna nau'in tau mai fosfet mai lamba 217 da amiloid, wanda zai rage yawan waɗanda sai an ɗebi ruwan bayansu kafin a gane cutarsu.