Tumbi ya sauka, ƙafa ta ci gaba da gudu

Assalamu alaikum jama'ar Bauchi, barkanmu da war haka. Daga Ingila nake magana, yau ma yayyafi ake yi, shi ya sa kuka gan ni a kicin. Maganar ta masu fitowa gudu ce bayan sallar asuba, ko a filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa ko a hanyar Jos, waɗanda ke son tumbi ya sauka kuma lokacinsu na kilomita 10 ya gyaru. Biyun suna haɗuwa, amma sai da lissafi.

Gudu yana ƙona kusan kalori 1 a kan kowane kilo na nauyinka a kowace kilomita. Mai kilo 70 idan ya yi kilomita 10, ya ƙona wajen 700 ke nan. Kilo ɗaya na kitse kuwa yana ɗauke da kusan kalori 7,700. Kitse yana sauka ne idan abin da ka ci bai kai abin da jiki ya ƙona ba, wannan shi ne giɓi. Giɓin da ya dace da mai gudu shi ne kalori 300 zuwa 500 a rana, abin da zai sauke kusan kwata zuwa rabin kilo a mako. Wanda ya yanke tuwo da shinkafa ya ga kilo 2 sun tafi cikin kwana biyar, kada ya yi saurin murna. Jiki yana ajiye sitaci a tsoka da hanta, kuma kowane giram yana riƙe da kusan giram 3 na ruwa. Wannan rumbun ne ya zube. Shi ya sa a kilomita ta shida ƙafa take yin nauyi kamar an ɗaura mata dutsen niƙa.

To daga ina za a rage? Ku kalli cokalin nan. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja, kalori 120. Ga kwalbar lemo mai santilita 50, sama da 200. Cire cokali biyu na mai daga miya da kwalba ɗaya a rana, ka samu giɓinka na 440 ba ka taɓa tuwo ba. Masar Bauchi ma ba ta yi laifi ba, shinkafa ce, abincin mai gudu. Man da ake ambaliya a tanda da sukarin da ake barbaɗawa su ne abin dubawa. Haka teburin mai shayi: cokali huɗu na sukari, madarar gwangwani, ƙwai yana iyo a mai. A ce masa ya rage hannu.

Ranar gudu mai tsawo ko mai sauri, jiki yana buƙatar giram 5 zuwa 7 na sitaci a kan kowane kilo. Mai kilo 70, giram 350 zuwa 490. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa giram 45 ne kawai, ku ga yawan abin da ake magana. A wannan ranar ba a yin giɓi. Ranar hutu da ranar sassarfa ake rage malmala, a cika kwano da zogale, alayyafo da wake. Sinadarin gina jiki kuwa ba a rage shi ko wace rana: giram 1.6 zuwa 2 a kan kowane kilo, don kada jiki ya koma cin tsokarsa. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Sai an haɗa da kifi, awara, wake, kindirmo da kilishi, a raba sau uku ko huɗu a wuni.

Mai fita da asuba ba shi da awa uku na jiran abinci ya narke, don haka tuwon dare shi ne guzurinsa. Da safe ayaba ɗaya ko rabin kofin koko, minti 30 kafin fita. Gudun minti 40 a hankali ba sai an ci komai ba. Idan zai wuce minti 90, sai giram 30 zuwa 60 na sitaci kowace awa. Ƙaramin dabino yana da giram 5 zuwa 6, a zuba guda shida zuwa goma a aljihu.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne masu sa rigar leda ko ɗaure ciki da leda wai don kitse ya narke. Don Allah a daina. A zafin Maris da Afrilu wannan yana iya kai mutum asibiti ranga-ranga, kuma gumi ruwa ne, da ka sha ya dawo. Hau sikeli kafin gudu da bayansa. Kowane kilo da ya ragu lita ɗaya ce, a mayar da lita ɗaya da rabi a hankali, tare da abinci mai ɗan gishiri. Shayin rage ƙiba mai sa zawo shi ma ruwa yake kwashewa.

Idan giɓin ya yi yawa, jiki yakan faɗa. A 2014 kwamitin Olamfik na duniya ya sa wa matsalar suna RED-S, wato ƙarancin kuzari a jikin ɗan wasa saboda abin da yake ci bai kai abin da yake ƙonawa ba. Barci ya lalace, mura ta ƙi ƙarewa, jin sanyi, saurin fushi, sha'awa ta ragu, gudun da ka saba ya zama aiki. Ciwon ƙwauri a wuri ɗaya da za ka iya nunawa da yatsa yana iya zama tsagewar ƙashi, a tsaya. 'Yan uwana mata, al'ada ta ɗauke wata uku ba juna biyu, wannan ba alamar ƙwazo ba ce, a ga likita, a nemi gwajin jini har da ferritin, wato ma'aunin sinadarin ƙarfe da jiki ya ajiye. Shayi yana rage yadda jiki yake tsotse sinadarin ƙarfe, a ba shi tazarar awa ɗaya da abinci, a ci lemon zaƙi a gurbinsa.

Mai shirin tseren Legas na Fabrairu, kilomita 42, ya gama rage nauyinsa tun Disamba, makonni shida zuwa takwas na ƙarshe na ci ne da atisaye. A watan azumi kuma kada a ƙara wani giɓi a kan na azumin: a rage nisa, a mayar da gudu mai ƙarfi bayan buɗa-baki, a yi sahur da kunu, ƙwai da ruwa isasshe.