Biza ita ce ƙofar ƙarshe: laccar da aka gabatar wa masu sabon bak a Damagaram

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla. Abu huɗu zan faɗa kan bizar karatu.

Na farko, biza ita ce ƙofar ƙarshe. Sai makaranta ta karɓe ka, ta aiko maka da takarda, sannan ka nufi ambasad. Duk wanda ya ce kawo kuɗi ya samo maka biza ba takardar makaranta, to ka riƙe aljihunka.

Na biyu, suna. Ƴaƴana, ku ajiye alƙalami ku dube ni. Suna! Wani yaro ya kawo mini dosiyensa, yaro mai ƙwalwa wallahi. Na shimfiɗa takardun a kan tebur: a takardar haihuwa Mahamadou, a diplom ɗin bak Mahaman, a fasfo Mamane. Na ce, ɗana, ku uku ne za ku tafi? (dariya) Mu nan Birni mun san duk mutum ɗaya ne, kakarsa ma da wani sunan take kiransa. Amma Baturke ko Bajamushe da ke bayan gilashi harafi yake ƙirgawa. Haka ranar haihuwa: nan an rubuta wata da rana, can shekara kawai. Yaron nan shekara guda ya rasa yana zirga-zirgar gyara. Shekara guda! Yau in kun koma gida, kafin sallar isha, ku fito da takardunku ku jera su a tabarma, harafi da harafi. Na ce harafi da harafi.

Ina muke? Kuɗi. Jamus tana son ka ajiye Yuro 11,904 a asusu na shekara, kusan sefa miliyan 8 ke nan. Shi ya sa nake cewa ku nemi burs: ANAB, hukumar burs ta ƙasarmu, a Yamai, ga Maroko da Aljeriya, ga ta Turkiyya da ake cikawa a intanet wajen Janairu zuwa Fabrairu. Masu Larabci, ga Azhar, ga Madina. Faransa kuwa ta rufe ambasad ɗinta na Yamai a farkon 2024, hanyar ta yi tsawo.

Na uku... ko na huɗu ne? Na'am, ƴata, yi magana.

"Malam, wanda babansa manomi ne fa?"

Allah ya yi miki albarka, wannan ita ce tambayar. Kano tana nan, kilomita wajen 240, ka bi ta Matamaye ka wuce. Akwai jami'ar Bayero, gaba kaɗan jami'ar Zariya. Mun fita daga CEDEAO a Janairun 2025, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da shige da fice ba biza har sai ta sake magana. Turanci ne kawai za ki dage a kai. Kuma ga jami'ar André Salifou nan cikin gari: ki yi lisans a nan da maki mai kyau, sai ki nemi burs ɗin mastar. Ki same ni bayan an tashi, ki zo da takardunki mu duba sunan tare.