Jinyar Wanda Aka Yi Wa Aikin Ƙashin Baya a Gida

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da wannan lokaci.

An yi wa Baba aiki a baya, an sallame shi, an taho da shi gida. Ko a nan Katsina aka yi aikin, ko sai da aka dangana da Kano, asibitin ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano, ko kuma Shika ta Zariya, likita ya gama nasa cikin 'yan awoyi. Saura na mutanen gida, kuma shi ne mai tsawo. Kafin mu shiga, ku riƙe wannan: duk inda maganata ta saɓa wa ta likitan da ya yi aikin, tasa za ku bi, domin shi ya ga cikin bayan.

Ku dubi hoton nan. Ƙashin baya ƙananan ƙasusuwa ne guda 33 a jere, daga wuya har ƙasan ƙugu. Guda 5 da ke gadon baya ta ƙasa su ke ɗauke da nauyin jiki, su ne za ku ga an rubuta L1 zuwa L5 a takardar asibiti. A tsakanin wannan ƙashi da wancan akwai wani faifai mai taushi, aikinsa kamar na gammo ne tsakanin kai da tulu. Idan faifan ya fashe ya bulluƙo, sai ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa, shi ne mutum zai ce maka zafi na tsarga masa daga ɗuwawu har yatsa. An fi samun haka a tsakanin L4 da L5, ko L5 da S1, wato ƙashin da ke bin L5 ta ƙasa.

To, wani an cire masa guntun faifan ne kawai. Wani an rage ƙashi ne don a buɗa wa jijiya hanya. Wani kuma an ɗaure ƙashi biyu da ƙarfe da kusoshi domin su haɗe su zama ɗaya. Ku tambaya ku san wanne aka yi wa naku. Mai ƙarfe jinyarsa ta fi tsawo, ƙashin yakan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ya kama, wani ma har shekara.

Abu uku ake hana majinyaci a makonnin farko, galibi mako 6, mai ƙarfe kuwa har wata 3: sunkuyo, ɗaukar abu mai nauyi, da murɗa ƙugu. Faɗarsu da sauƙi. Amma ku dubi gidajenmu. A ƙasa muke zama, kan tabarma. A ƙasa muke cin abinci. Katifa a ƙasa, murhu a ƙasa, tsintsiya gajera, masai na tsuguno. Kusan duk abin da Bahaushe zai yi daga asuba zuwa isha'i sai ya duƙa. Saboda haka babban aikin mai jinya, a ganina, shi ne ya ɗago wa majinyaci rayuwarsa daga ƙasa zuwa daidai ƙugu, tun kafin ya shigo gidan.

A fara da makwanci. A nemo gado mai tsayi daidai, wanda idan ya zauna a bakinsa tafin ƙafarsa zai taɓa ƙasa, da katifar da ba ta lotsawa. In babu, a aro. Ku kalli yadda ake tashi. Yana kwance rigingine, sai ya tanƙwara gwiwoyinsa. Ya juya gefe gaba ɗaya, kafaɗa da ƙugu da gwiwa su tafi tare, kada ɗaya ya riga ɗaya. Ya sauko da ƙafafunsa daga bakin gado, a lokaci guda ya dafa da gwiwar hannu da tafin ɗaya hannun ya ɗago. Ya ɗan zauna jiri ya wuce, sannan ya miƙe. Haka zai koma in zai kwanta. Don Allah kada a kama hannuwansa biyu a fizgo shi daga kwance, ko da niyyar taimako ce. Mai kwanciya ta gefe ya sa matashi a tsakanin gwiwoyi, mai rigingine ya sa a ƙarƙashinsu.

Sai bayan gida, wanda kunya ke hana a yi maganarsa. Tsuguno a masai yana tanƙwara ƙasan baya sosai, tashi daga tsugunon ya fi wuya. Akwai kujerar bayan gida da ake sayarwa a shagunan kayan asibiti. In kuɗi bai kai ba, kafinta zai iya huda kujerar katako mai ƙwari a ɗora a bakin masai. Wajen wanka a ɗora bokiti kan benci, shi kuma ya zauna a doguwar kujera, ban da 'yar tsuguno. A kula da santsi.

Maganar nauyi kuwa, likitoci kan ce kada ya wuce kilo 4 zuwa 5. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, don haka buta ba matsala. Jarka mai lita 25 kuwa ko kusa. Yaron da ya shekara ya doshi kilo 10. Hajiya, na san ranki ba zai so ba, amma jikan nan a ɗora miki shi a gefenki kina zaune, ba ke za ki sunkuya ki ɗauko shi ba, goyo kuma a jingine shi. Daka, jan guga, shara, wanki, duk a raba wa 'yan gida. Matan da aka yi wa aiki su aka fi cuta a nan, domin da an ga mace ta fara takawa sai a ɗauka ta warke, tukunya ta dawo hannunta. Maigida, wannan hakkin a wuyanka yake.

Mu zo ga salla, don ita ce tambayar farko da dattawanmu ke yi. Ruku'u da sujada sunkuyo ne. Addini kuwa ya riga ya yi sauƙi. A cikin Bukhari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini da ba shi da lafiya ya yi salla a tsaye, in ba zai iya ba a zaune, in ba zai iya ba a kan gefensa. Majinyaci ya yi a kan kujera, ya yi nuni da kai. Wajen alwala, wani ya taimaka masa da wanke ƙafa. In aikin ya faɗo cikin azumi, ga magunguna na lokaci-lokaci, Alƙur'ani ya ba marar lafiya damar ya sha ya rama. Ku tuntuɓi malaminku, ku kuma tambayi likita ranar da za a koma sujada a ƙasa.

Kada kuma ku ji an ce a kiyaye, ku kwantar da mutum wuni guda kuna kai masa komai. Kwanciya ba ta warkar da baya. Tana kashe ƙarfin jiki, tana kawo gudan jini a jijiyar ƙafa. Tafiya ita ce motsa jikin da aka fi so. Minti 5 a tsakar gida, sau da yawa a rana, gobe a ɗan ƙara. Bayan kwanaki a leƙa zaure, sannan ƙofar gida, sannan masallacin unguwa. A zaɓi wuri mai baje, da takalmin da ke kama ƙafa, da safe ko bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Ɗan gida ya ce, "Baba, ku taso mu ɗan taka," ya tafi a gefensa. Sauran motsa jiki kuwa a bar wa masu gashi na asibiti su koya masa.

Dogon zama shi ma yana matsa wa faifan baya. A makonnin farko kada ya wuce minti 20 zuwa 30 bai miƙe ba. A nan 'yan dubiya ke shigowa. Zumunci ne, lada ne, amma dattijo zai zauna awa biyu yana amsa "ya jiki" saboda kara, bayansa na ci masa. Mai jinya, kai ne za ka yi masa magana: "Ku yi haƙuri, likita ya ce ya kishingiɗa." Babu wanda zai ji haushi.

Ciwon kansa a bar shi a bushe, a tsabtace. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa bandeji. Zaren ɗinki ana cire shi ne wajen kwana 10 zuwa 14. A watannin bazara, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, gumi na taruwa a ƙarƙashin bel ɗin da ake ɗaura wa majinyaci don tallafar baya, don haka a sa 'yar shara ta auduga a ciki, a riƙa sauyawa. Kada a shafa komai a kan ɗinkin, ko man shanu ko garin magani. Kada a gasa wurin da ruwan zafi, kada a yi ƙaho, kada a kira mai ɗori ya ja ko ya danna. Al'adar nan ta sa yaro ya hau ya tattaka baya, a manta da ita sam.

Magani a sha yadda aka rubuta. Farasitamol ga babba ba ya wuce giram 4 a rana, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. Masu ƙarfi irin su tiramadol na ɗan lokaci ne, jiki na sabawa da su, kada a je kemis a ƙaro in sun ƙare. Suna kuma busar da ciki, nishi a bayan gida kuwa yana taɓa wurin aikin. A yawaita ruwa, da gwanda da kankana, da zogale da miyar kuɓewa. Don nama ya cike, ga wake, ƙwai, kifi, da kindirmo. Wanda aka sa wa ƙarfe ya tambaya kafin ya sha irin su dikulofenak, domin wasu likitoci na hana su saboda haɗewar ƙashi. Taba da shisha suna hana ƙashi kamawa, a ajiye su. Mai ciwon suga ya riƙa awo, sugan da ya hau yana jawo wa ciwo ƙwayar cuta.

Yanzu ku ba ni hankalinku sosai. Idan majinyaci ya kasa yin fitsari, ko fitsari da bayan gida suka fara kufce masa, ko tsakanin cinyoyinsa da gabansa suka mutu ba ya jin taɓi, ko ƙafa ta fara rasa ƙarfi, a tafi asibiti a wannan lokacin, ko ƙarfe biyun dare ne. Jijiyoyi ne aka danne, jinkiri na iya sa su ƙi dawowa. Haka in sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko ƙirji ya riƙe numfashi na yin wuya. Haka in ɗinkin ya yi ja, ya kumbura, yana fitar da mugunya, ko yana tsiyayar da ruwa garai tare da ciwon kai mai tsananta in an miƙe. Zazzaɓi ma, in zafin jiki ya kai digiri 38, kada a ce na cizon sauro ne a sayo magani. Yana iya zama shi, yana iya zama daga wurin aikin, gwaji ne zai raba gardama.

Ban da waɗannan, akwai abin da ba na tashin hankali ba ne. Zafin ƙafa yakan tafi da wuri, amma jin ƙafar kamar ba taka ba, wanda tun kafin aiki yake, yana iya ɗaukar watanni, domin jijiya a hankali take farfaɗowa. Wata rana da sauƙi, wata rana jiki ya ƙi. Magidancin da ya saba fita kasuwa ko gona zai shiga damuwa, a zauna da shi a yi hira, a riƙa shawara da shi kan al'amuran gida. Ma'aikacin ofis kan koma aiki cikin 'yan makonni, manomi da birkila da ɗan dako sai wata 3 ko fiye. Tuƙi, hawan babur, da mu'amalar aure, duk a tambayi likita kai tsaye, ya saba jin tambayar.

Ranar komawa ganin likita kada a fasa don an ga sauƙi. In Kano za a je, tafiyar ta kai kilomita 170. A ba shi gidan gaba, a ɗan kwantar da kujera, a sa ƙaramin matashi a ƙugu. A tsaya a Kankiya ya sauko ya taka, a sake tsayawa a Bichi. Mutanen Daura su tsaya a Kazaure. A ɗauki katin asibiti da hotunan da aka yi da kwalayen magunguna, a kuma rubuta tambayoyi a takarda tun daga gida.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri.